Na Tsakiyar Kwando

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a masana'antar ba wanda yake kiransa da komai sai Alƙali. Bai taɓa zama a kotu ba, ƙarfe yake yi wa shari'a. Kamfaninmu ƙugiya yake ƙerawa, manyan nan da ake ɗaga inji da su ko a sauke kaya masu nauyi daga kan mota, kuma duk kwandon ƙugiyar da ya fito daga wuta ba ya barin harabar sai Yaya ya gwada ya sa hannu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan aiki. Ni kuma na yi goma sha shida a gefensa, tun da mijina ya rasu ya nemo mini gurbi a ɗakin gwajin. Ina yanka ƙarfe, ina gogewa, ina buga masa rahoto. Don haka in na ce na san shi, na san shi har ya ishe ni.

Mutum ne mai wuyar zama. Tun muna yara, in kofi ya fashe a gida kowa tsintsiya yake nema, shi kuwa sai ya tsuguna yana jujjuya gutsattsarin, wai yana neman inda tsagar ta faro. Innarmu ta mare shi a kan haka ya fi a ƙirga, bai daina ba. Matarsa har gobe tana ba da labarin yadda a satinsu na farko da aure ya ƙwanƙwasa ƙafar sabon gadonta da maɓalli, ya ce wannan waldar ba za ta kai shekara uku ba. Ta yi kuka ta ƙoshi. Gadon kuwa shekara biyu da rabi ya yi ya zube da su. Abin da yake ba ni haushi da shi ke nan, ba ya faɗa a banza, kuma bai iya yin shiru ba.

Ɗakin gwajinmu a sama yake, a kan filin aikin, sai ka hau matakalar ƙarfe mai hawa talatin da huɗu. Ƙaramin ɗaki ne, kullum warin mai da asid. Akwai injin yanka, akwai faifan gogewa da ya cinye mini farce, akwai injin auna tauri mai ɗan tsinin da yake lotsa ƙarfe ya nuna lamba, sai madubin ƙara girma wanda Yaya yake rufewa da tsohon mayafina don ƙura. Bango guda kuma kabad ne tun daga ƙasa har rufi, cike da samfurin kowane kwando, kowanne da takardarsa ɗaure a wuya.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Ana gasa ƙugiya har ta yi ja, a tsoma ta cikin mai. A lokacin tana da tauri ƙwarai, amma taurin kwalba ne, in ta ji jijjiga sai ta ɓalle. Saboda haka ake mayar da ita tanderu na biyu, a ba ta wuta mai sauƙi ta awa biyu, har wannan gautsin ya fita. Wanda yake kula da wannan tanderu shi ake kira Mai Tanderu, kuma aminin Yaya ne. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki suna samari. Mai Tanderu bai yi boko ba, da ƙyar yake sa hannu, amma ta launin ƙarfe kaɗai yana iya gaya maka zafinsa. Mutum ne mai dariya, gashin hannunsa duk wuta ta lashe. Yakan ce da Yaya, “Kai kana sama kana shan iska, mu muna ƙasa muna soyuwa, kuma wai kai ne mai gajiya.”

Dokar aiki ta ce mai gwaji ya sauka da kansa ya ɗebi ƙugiya biyar daga kowane kwando, huɗu daga kusurwoyi, ɗaya daga tsakiya. Haka Yaya ya yi shekara ashirin. Sai babur ya kwashe shi a bakin kasuwa, gwiwarsa ta hagu ta dagargaje, aka haɗa ta da ƙusoshi. Da ya dawo aiki, hawan safe kaɗai sai ya huta sau uku, gumi sharkaf. Ranar nan Mai Tanderu ya biyo shi sama ya ce, “Alƙali, wallahi in na ƙara ganinka a kan matakalar nan da rana sai na ɓoye sandarka. Zauna. Ni zan riƙa kawo maka.” Tun daga ranar shi yake hawowa da su, sau shida a wuni, biyar-biyar a cikin tire, ya ajiye ya sha ruwa a butarmu ya tsokane ni ya sauka. Kowa a masana'antar ya san da haka, kowa kuma yabawa yake yi. Ni kaina nakan ce irin wannan abota ta yi ƙaranci a duniya.

Shekara goma sha ɗaya ana haka, sai ƙugiyarmu ta ɓalle a wani gareji. Injin babbar mota ne a rataye, ya faɗo wa wani makanike a cinya. Bai mutu ba, amma an yanke ƙafar. Kafin wata ya ƙare aka dawo da wasu biyu daga wani wuri, su ma a karye, Allah ya sa ba kowa a ƙasansu.

Manajanmu yaro ne ɗan gayu wanda bai taɓa tsayawa minti biyar a gaban tanderu ba. Kwana uku kacal ya yi ya samo mai laifi. Wai Mai Tanderu yana fitar da kwando kafin awa biyu ta cika don ya tafi cin abinci. Wa ya gani? Oho. Aka sallame shi, aka ba shi wata biyu ya fita daga gidan ma'aikata inda ya haifi 'ya'yansa bakwai. Yaya ya ja ƙafarsa har ofis, ni ina biye da shi ina huci.

“Yallaɓai, ba a gwada komai ba tukuna,” in ji Yaya.

“Baba, ai mun san sanadi.”

“Kun san wanda kuka kora. Sanadi kuwa ba wanda ya sani, har ni.”

Manaja ya jujjuya biro, ya dube mu kamar masu bara. Ya ce to shi ke nan, in ɗakin gwaji ya kawo hujja a rubuce cewa ba laifin mutumin ba ne kafin wa'adin ya cika, zai mayar da shi aikinsa da gidansa. Ya faɗa ne don mu fita masa daga ofis, amma ya faɗa a gaban sakatariya, mu kuma muka riƙe.

Aka kawo mana karyayyun a naɗe cikin buhu. Direban da ya kawo su ya ɗauki ɓari biyu zai haɗa su ya nuna mana yadda suke da, Yaya ya daka masa tsawar da sai da ya saki. Ba a haɗa bakin karaya, in ji shi, da zarar sun gogi juna an shafe shaidar. Ya sa su ƙarƙashin madubi ya kira ni in leƙa. Bakin yana ƙyalli kamar garin sukari, babu alamar ƙarfen ya miƙe ko ya lanƙwasa kafin ya rabu. Na yanka, na goge har ina ganin fuskata, ya ɗiga asid, ya auna tauri. Lambar ta haura inda ya kamata nesa ba kusa ba. Wato dai wutar nan ta biyu ba ta ratsa su ba. Abin da manaja yake so kuwa ke nan.

Yaya ya ce in sauko da samfuran kwandunan da waɗannan uku suka fito ciki. Muka sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, goma sha biyar, lafiya lau dukkansu. In da an fitar da kwandon da wuri, ai da su ma sun lalace. Kwando ɗaya, wuta ɗaya, lokaci ɗaya, wasu lafiya wasu gautsi. Nan muka maƙale.

Sati biyar muka yi muna lalube. Ya gwada man tsomawa. Ya gwada sandunan ƙarfen da ake sayo mana, ko an cakuɗa mana da wani iri. Ya sa aka ciro ma'aunin zafin tanderun aka kawo masa, ya tarar daidai yake. Ni yatsuna duk sun tsage, asid yana shiga yana cina. Shi kuma ya daina cin abincin rana, matarsa tana zubo masa yana mayar mata da shi yadda yake, har ta kira ni tana tambaya ko wata ce take ciyar da shi. Na ce mata in dai kishiya ce, to ta ƙarfe ce, ta kwantar da hankalinta. Kullum da la'asar kuma matar Mai Tanderu tana tsaye a bakin get, kallona kawai take yi, ni kuma in girgiza kai.

Ranar Litinin ta sati na shida ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce, “Auta, riƙe ni, ƙasa zan je.” Saukar nan ta ci mana kusan minti goma, ma'aikata sun tsaya suna kallo. Ya sa aka jera ƙugiya sittin a kwando, ya zauna a kan gwangwani da guduma ya buga wa kowacce lamba, na zana inda kowacce take a takarda. Aka ba su wuta awa biyu cif, agogo a hannunsa. Da aka buɗe ko ni na ga bambanci. Yawancinsu sun yi shuɗi mai duhu, amma na kusurwar hagu ta bakin ƙofa sun fito a koɗe, kamar an wanke su. Yaya ya sa bayan hannunsa kusa da gindin ƙofar bayan an rufe, ya daɗe a haka. Ƙofar ba ta zama daidai, iska tana shiga ta ƙasa. Ma'aunin zafi kuwa can ciki yake a bango, shi bai san abin da ake ciki a bakin ƙofa ba. Daga tanderu kuma sai wurin fenti, a shafe su duka da ja, mai kyau da marar kyau su zama ɗaya.

Kwana uku muka yi muna gwada sittin ɗin. Hamsin da huɗu lafiya, shida gautsi, kuma shidan nan duk na kusurwar ƙofa ne. Wallahi na yi rawa a ɗakin nan, ni da shekaruna. Na ce Yaya ka yi, Yaya ka gama da su, ƙofa ce, ƙofar da masu kamfanin da kansu suka canja shekara huɗu da suka wuce! Shi kuwa bai yi ko murmushi ba. Yana zaune ya zuba wa kabad ɗin samfura ido.

“Auta,” ya ce, “shekara huɗu, kwando shida kullum. Me ya sa ko sau ɗaya ba a taɓa samun na kusurwar nan a cikin tirena ba?”

Na ce ni ina ruwana, mun samu abin da muke nema. Ya ce in ɗauko jakata, gidan abokinsa za mu.

Mun tarar da shi a tsakar gida yana gyara wa jikarsa takalmi. Da ya ji ƙofa ce sai ya daka tsalle, ya rungume Yaya har sanda ta faɗi, matarsa ta fito da gudu hannunta duk kumfa. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo wa Yaya kujera. Sai da hayaniya ta lafa ya yi tambayar, a hankali.

“Mutumina, in ka buɗe tanderu, daga ina kake ɗibar waɗanda kake kawo mini?”

“Daga tsakiya mana.”

“Duka biyar ɗin?”

“Duka. Ai na tsakiya sun fi kyau. Na bakin ƙofar nan tun da aka sa sabuwar ƙofa koɗaɗɗu suke fitowa, kamar masu ciwo. Haba Alƙali, in hawo bene in miƙa maka abu mummuna? Masu kyau nake zaɓo maka, in goge su da rigata ma kafin in sa a tire.”

Yana faɗa yana dariya, yana jiran a yaba masa. Sai a lokacin na gane. Ba wanda ya taɓa gaya wa bawan Allahn nan dalilin kusurwa huɗu da tsakiya. An ce masa biyar, ya kawo biyar, kuma ya kawo su yadda ake kai wa mutumin da ake girmamawa abu. Yaya ya ce, “To, madalla,” ya sha ruwan da aka ba shi, muka yi sallama. Har bakin titi suka rako mu suna sa mana albarka.

Rahoton bincike yana da sashe biyu, kuma Yaya ne da kansa ya tsara shi haka tun da daɗewa. Na farko, me ya jawo aibin. Na biyu, me ya sa ba a gano shi ba. Washegari ya miƙo mini rubutunsa in buga. Na karanta sashe na biyu na ajiye takardar. Ya rubuta cewa shekara goma sha ɗaya bai sauka ya ɗebi samfur ba, da izininsa mai kula da tanderu yake ɗebowa, shi kuma daga tsakiya kaɗai yake zaɓa don ya ga na bakin ƙofa sun koɗe.

“Yaya, ba zan buga wannan ba.”

“Za ki buga.”

“Ka cire Mai Tanderu daga ciki! Ka ce kai ne kake ɗiba daga tsakiya. Ko ka ce ba a sani ba. Wa zai tambaye ka? Yaron can ko shafi na biyu ba ya kaiwa.”

“Na rubuta cewa laifina ne. Ga shi nan a layin farko.”

“Kai ka rubuta laifinka, su kuma abin da za su karanta shi ne ya ga aibi ya ɓoye. Ba ka san su ba ne? Mutumin nan ƙafarka ya tausaya wa!”

Ya murza gwiwarsa. Sannan ya ce a sashen sarƙa ma haka ake yi yanzu, a sashen walda ma haka, kowa ya koya daga gare shi, ma'aikata ne suke kai wa masu gwaji samfur, kuma kowa mai kyau yake zaɓa. In bai rubuta yadda abin ya faru ba, za a gyara ƙofa a bar ɗabi'ar, wata rana wani abin ya sake faɗo wa wani. Na ce ya rubuta ɗabi'ar ba tare da mutumin ba. Ya ce tanderun mutum ɗaya ne yake kula da shi, ko bai ambace shi ba an san shi, kuma shi ba zai sa hannu a kan rabin magana ba. Na zage shi. Tun da aka haife ni ban taɓa ba, ranar na yi. Na ce masa zuciyarsa ta fi ƙugiyoyin nan gautsi, na ce gaskiyarsa ta banza ce tunda ba ta san mutum ba. Bai rama ba. Ya ce in na ƙi zai buga da yatsa ɗaya.

Ni na buga. Kuma ina cikin bugawa abin da na ƙi tunawa ya faɗo mini a rai. Ni nake karɓar tiren nan a bakin ƙofa. Ƙafafuna biyu lafiya lau suke. Na san dokar kusurwa huɗu, ni nake manna ta a bango duk lokacin da ta yage. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa cewa bari in sauka in ɗebo ba, saboda ƙasa akwai zafi da ƙara, kuma ina jin daɗin hirar da yake kawo mana. Sau nawa na ɗaga ƙugiya na ce kai, wannan ta yi kyau. Sunana ba ya cikin rahoton don doka ba ta ɗora mini ba, amma ni na san inda nake a ciki. Na yi kuka har takardar ta jiƙe na sake fitar da wata.

Yadda na faɗa haka aka yi, kuma ban taɓa baƙin cikin tabbatar maganata irin na ranar ba. Manaja ya karanta har ƙarshe. Aka gyara ƙofa cikin wuni ɗaya. Aka ce Mai Tanderu bai fitar da kwando da wuri ba, amma ya ga alamar aibi shekara huɗu bai kai rahoto ba, don haka kora tana nan. Yaya kuma aka gode masa da doguwar hidima, aka ce ya je ya huta. Ya koma ofis sau uku yana cewa su hukunta shi su bar mutumin, a na uku ko shiga ba a bar shi ya yi ba. Shi Mai Tanderu ba a yi masa bayani ba, takarda mai layi biyu kawai aka aika masa, 'yarsa ta karanta masa cewa hukunci bai canja ba.

Ranar da za su tashi, Asabar ce da hantsi, muka je. An riga an loda katifu da tukwane a bayan wata tsohuwar mota, za su koma wurin ɗan'uwan matar a wani gari. Ɗakunan sun zama wayam, sai shatin kabad a jikin bango. Matar ta amsa gaisuwata a gajarce ta ci gaba da ɗaure buhu. Shi kuwa da ya hango mu ya taho da sauri ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

“Alƙali, ka wahala saboda ni. Da wannan ƙafar ka sauka ƙasa, duk an gaya mini. Kar ka sa wa ranka damuwa, su ne dai ba su da tsoron Allah.” Ya matso kusa ya rage murya. “Amma ka rubuta musu ƙofa ce, ko?”

“Na rubuta.”

“To alhamdu lillahi. In dai yana cikin takardarka ya ishe ni. Wata rana wani zai buɗe ya karanta, ya san ba ni ba ne.”

Na ga Yaya ya buɗe baki. Na damƙe damtsensa har farcena ya shiga, na ce masa a kunne, “Wallahi in ka faɗa masa, ba ni ba kai har abada.” Ya dube ni, ya dubi abokinsa, ya rufe bakin. Direba ya yi hon. Mai Tanderu ya taka taya ya hau bayan motar ya zauna a kan katifa, jikarsa a cinya, ya kama hannun yarinyar yana ɗaga mana har suka sha kwana.

Mun daɗe a tsaye a ƙofar gidan. Can Yaya ya ce in nemo masa abin hawa, ƙafar ba za ta kai shi gida ba.